IDO BA MUDU BA NE: YADDA AKE ƘIYASTA KUƊIN GYARAN GIDA

Laccar da wani ɗalibi na aji uku a sashen ƙiyasin gine-gine ya gabatar a zauren taro na Ƙungiyar Ɗalibai.



Ina godiya ga shugabannin Ƙungiyar Ɗalibai da suka ga dacewar in tsaya gabanku a yau. Batun da aka ɗora mini shi ne yadda mutum zai san abin da gyaran gida zai ci tun bai sa hannu a aikin ba. Na tabbata akwai masu cewa a ransu, me ya haɗa ɗalibi, wanda ko gadon da yake kwana a kai ba nasa ba ne, da zancen gyaran gida? To, ai kowane ɗayanmu daga wani gida ya fito, kuma ran da katangar gidan nan ta zube, ko ɗakin gyatuma ya fara yoyo, ɗan bokon gidan ake kira a miƙa masa takarda da alƙalami a ce ya yi lissafi, ko da kuwa tarihi yake karantawa ko Larabci. Sa'an nan da yawa daga cikinmu, albashinmu na farko can zai tafi.

Hausawa suna cewa ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Karin magana ne mai kyau, kuma a kasuwar hatsi ko wajen rabon tuwo ba ni da ja a kansa. Amma a sha'anin gyaran gida, rabinsa na farko kaɗai na yarda da shi. Ku dubi yadda aka saba yi. Maigida ya aika a kira magini, magini ya zo ya tsaya a tsakar gida, ya goya hannu, ya dubi sama ya dubi ƙasa, ya ce, "Alhaji, a kawo siminti buhu goma da yashi tifa ɗaya, in Allah ya yarda ba zai wuce haka ba." Maigida ya sayar da abin da zai sayar, a kama aiki. Bayan mako guda sai a ce a ƙaro biyar, bayan kwana uku a ce katakon rufi ashe gara ta cinye shi. Ba lalle ne maginin nan maha'inci ne ba. Abin da idonsa ya gani ya faɗa, kuma yana tsoron in ya faɗi adadi mai yawa a ɗauke aikin a ba wani. Amma ko ma mene ne dalilinsa, maigida ne ke kwana a ciki. Babu garin da za ka shiga a ƙasar nan ba ka ga gidan da aka yaye rufinsa, kuɗi suka ƙare, hadari ya taso, iyali suka koma zaure ko gidan maƙwabta ba. Wani ya sayar da awakin matarsa, wani ya jinginar da gona. Gidan da ba a taɓa ba, duk da yoyonsa, ya fi gidan da aka buɗe aka kasa rufewa.

Dalilin da ya sa ido ya fi yaudarar mutum a gyara fiye da sabon gini a fili yake. Sabon gini yana da zane, kome yana kan takarda, sai dai a ƙirga. Tsohon gida kuwa, rabin aikinsa a ɓoye yake, bayan filasta, ko saman silin, ko ƙarƙashin daɓe. Bugu da ƙari, gyara aiki uku ne a dunƙule: a rushe abin da ya lalace, a kwashe shi, sa'an nan a sake ginawa. Mai ƙiyasi da ido na ukun kaɗai yake lissafawa.

Saboda haka, abu na farko ba alƙalami ba ne, bincike ne. A nemi abin da ya jawo lalacewar, domin shi ne za a biya wa kuɗi, ba alamarsa ba. Babban abokin gaban gini a ƙasarmu ruwa ne, gara na bi masa. In ka ga gindin bango ya sassaɓule har zuwa gwiwa, fenti yana kumbura, wani farin gari kamar kanwa yana fitowa, to, danshi ne ke hawowa daga ƙasa. Ko buhu nawa ka zuba a wurin, damina biyu ba za ta yi ba zai koma yadda yake, muddin ba ka gano inda ruwan ke fitowa ba. Wataƙila kwata ce ta toshe, wataƙila bututun famfo ne ya fashe a ƙasa, wataƙila ramin masai ya matsi bango, wataƙila kuma gyaran titi aka yi aka ɗaga shi har ya fi daɓen gidan tudu, ruwan unguwa duka ya juyo ƙofarku. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan kuɗinsa daban, kuma wani ma kuɗinsa bai kai na buhun siminti guda ba.

A ganina, ƙiyasi na damina ne, aiki na rani. Watan Agusta, sa'ad da ruwa ya fi ƙarfi a arewacin ƙasar nan, shi ne lokacin da gida ke faɗin gaskiyarsa. A zaga shi ana cikin ruwa, a ga inda yake ɗiga da inda yake kwanciya, a sa alama da alli ko gawayi. In an bari sai Janairu, kome ya bushe, gidan zai yi kamar bai taɓa yoyo ba. A hau cikin silin da tocila, a soki katako da ƙusa. Wanda gara ta ci, ƙusar za ta shige kamar an soki gurasa, alhali daga waje lafiyarsa lau. A ƙwanƙwasa filasta da ɗan makulli. Inda ta yi amo kamar ganga ta rabu da bango, ko ba ta faɗo yau ba tana cikin lissafi.

Tsagewar bango kuwa tana bukatar haƙuri. Akwai siririya kamar zare wadda ba ta wuce filasta ba, wannan ba abin damuwa ba ce. Akwai kuma wadda ta tashi daga kusurwar taga ko ƙofa ta karkata, tana bin layin bulo hawa-hawa, bakinta ya fi faɗi a gefe guda. Irin wannan takan nuna harsashi ne ke motsi, musamman a wuraren da ke da baƙar ƙasa mai kumbura da damina ta tsuke da rani, kamar wasu sassan Borno da Gombe da Adamawa, ko inda saiwar darbejiya ta shiga ƙarƙashin gini. Dabarar gane ta ba ta da tsada: a ja layi da fensir a daidai inda ta tsaya, a rubuta kwanan wata, a shafa ɗan siminti marar kauri a kanta, a dawo bayan 'yan makonni. In ta wuce layin, ko shafin ya tsage, to, tana da rai, kuma toshe ta ɓarnar kuɗi ce. Aikin injiniya ne. Kada kuma a ɗauki tsagewa da wasa. A ranar 11 ga Agusta 2023, wani sashe na babban masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani ya gina tun wajen shekarun 1830, ya rufta ana cikin sallar La'asar, mutane suka rasa rayukansu. Mai martaba Sarkin Zazzau ya bayyana cewa an lura da tsagewa a bangon kwana guda kafin nan, har ana shirin kawo masu gyara. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Abin lura a gare mu shi ne, bangon da ake shakkarsa, a fara kwashe mutane daga ƙarƙashinsa, a tokare shi, lissafi ya biyo baya.

In bincike ya ƙare, sai awo. A nan ne nake son ku ba ni hankalinku, domin shi ne zuciyar maganar. Ƙiyasi nagari da kaya ake yinsa, ba da naira ba. A fara sanin bulo nawa, buhu nawa, falle nawa. Farashi shi ne abu na ƙarshe da za a rubuta. Kayan aikin kuwa ba su wuce tef ɗin awo da littafi ba.

Bari mu ɗauki ɗaki irin wanda aka fi ginawa, ƙafa 12 tsawo, ƙafa 12 faɗi, watau mita 3.6 kowane gefe, tsayinsa mita 3. Ko da yake ƙasar nan ta koma awon mita tun shekarun 1970, maginanmu har yau da ƙafa da inci suke magana, don haka tilas mai lissafi ya iya duka biyun. A ce za a kankare tsohuwar filastar ciki a yi sabuwa. Kewayen ɗakin mita 14.4 ne, a ninka da tsayi, a sami murabba'in mita 43.2. A cire ƙofa, kimanin 1.9, a cire taga, kimanin 1.4, saura 40 ke nan in an cike. Buhun siminti kilo 50 ne, kuma yana cika kwanon sarki biyu. In za a haɗa kashi ɗaya na siminti da shida na yashi, kowane buhu zai ci yashi kwanon sarki 12. Irin wannan kwaɓi, in kaurin filastar milimita 15 ne, watau ya ɗan ɗara rabin inci, buhu guda yakan rufe murabba'in mita 12 ko kusa da haka. A raba 40 da 12, a sami buhu uku da ɗoriya. Amma tsohon bango ba ya miƙewa sambal, akwai inda zai ci kauri ninki biyu, ga wanda zai zube ƙasa, don haka a rubuta huɗu, da yashi kwanon sarki 50. Yanzu in wani ya ce maka ɗakin nan zai ci buhu takwas, kana da bakin tambayarsa ina sauran huɗun za su. In kuma ya ce biyu sun isa, ka san yashi zai shafa maka.

Fentin ɗakin ma haka ne. Bango 40, silin 13, jimla 53. Shafi biyu ya zama 106. Lita ɗaya ta fentin ruwa takan rufe murabba'in mita 10 ko ƙasa da haka, gwargwadon kyawunsa, kuma masu kirki sukan rubuta adadin a jikin gwangwani. Lita 11 ke nan, watau galan uku masu lita huɗu-huɗu, a kuma tuna sabuwar filasta tana shan fenti kamar raƙumi ya sami rijiya.

Katanga ta fi sauƙi. Fuskar bulo, mai inci tara ne ko mai inci shida, milimita 450 ce tsawo da 225 tsayi, don haka bulo 10 ke cika murabba'in mita ɗaya. Katangar da ta zube mai tsawon mita 10 da tsayin mita 2.4, murabba'in mita 24 ce, bulo 240. A ƙara biyar bisa ɗari saboda waɗanda za su fashe a mota ko a hannun lebura, ya zama 252. Magina sukan ƙiyasta buhu guda ga bulo 50 mai inci tara wajen jerawa, buhu biyar ke nan. Sa'an nan ga abin da kusan kowa ke mancewa: katanga fuska biyu gare ta. Filastar ciki da waje murabba'in mita 48 ce, wasu buhu huɗu. Tara ke nan, ba a kuma taɓa harsashi ba, wanda sau da yawa shi ne ya kayar da ita tun farko. Game da bulon kansa, araha ba ta ado. Wanda aka yi wa rowar siminti, da farce ma sai ka kankare shi, kuma duk abin da ka rage a wajen saye za ka mayar a wajen filasta.

Rufin kwano ba ya bukatar dogon lissafi in gyara ne, tun da tsohon yana nan: a ƙirga falle nawa ne a jere, jeri nawa ne, a ninka. Bandir ɗaya falle 20 ne. Sai dai a tambayi kaurin kwanon kafin a tambayi kuɗinsa, domin bandir biyu suna iya zama iri ɗaya a ido, alhali ɗaya zai shekara ashirin, ɗaya kuwa iskar farkon damina ta naɗe shi kamar tabarma. Kada kuma a ɗora sabon kwano a kan ruɓaɓɓen katako. A ƙirga katakon da ƙusa ta shige, a sa ƙusoshi da maganin gara a lissafi. Wani gargaɗi a nan: gidaje da yawa da aka gina daga shekarun 1970 zuwa 1990 silin ɗinsu na asbestos ne, kuma ƙurarsa tana jawo mugun ciwon huhu wanda ba ya bayyana sai bayan shekaru. In za a cire shi, a jiƙa shi da ruwa, a sauke shi falle-falle ba a farfasa ba, a rufe hanci, a fitar da yara daga gidan.

To, duk wannan zancen gidan bulo ne. Amma da yawa daga cikinmu a gidan ƙasa aka haife mu, kuma littattafan da muke karantawa ba su san da shi ba. Lissafinsa daban ne, domin kayan da suka fi yawa a cikinsa ba a shago ake sayensu ba, kuma ƙarfin kuɗinsa yana wajen ɗauko ƙasa, da ruwa, da ƙwadago. Iyayenmu suna da tsarinsu: kowace shekara kafin ruwa ya sauka a hau soro, a cire ciyawa, a toshe tsaga, a share bakin indararo, a yi yaɓe inda ya zaizaye, wani lokaci da gayya, ladan aikin kuwa fura da goro. Masu hali su shafe bango da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko su yi wa soro laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, ya hana ruwa shiga shekaru da dama. Wannan ɗan ƙaramin kuɗi ne na kowace shekara. Gidan ƙasa ba ya yafe sakaci. Indararo ɗaya da ya toshe ya isa ya tara ruwa a kan soro dare ɗaya, ƙasar ta jiƙe ta yi nauyi, azara ta karye a kan masu barci.

Mai ƙiyasin gyaran soro ya fara da azara. Daga giginya ake tsaga ta, gara ba ta cika cinta ba, amma bakinta da ke cikin bango yakan ruɓe in danshi ya daɗe a wurin, don haka can za a tona a duba. Ba ta kuma ɗaukar tazarar da ta wuce kimanin ƙafa shida ba tare da an tallafe ta ba, abin da ya sa magabata suka ƙware wajen baka da ɗaurin guga. A yau giginya ta yi ƙaranci a wurare da yawa, maginan da suka iya wannan aiki ma sun yi ƙaranci, saboda haka a nemi farashin azara da na gwanin tun da wuri, kada a ɗauka abin banza ne don na gargajiya ne. Akwai kuma wata al'ada da ta bazu wadda nake da ja a kanta, watau shafe bangon ƙasa da siminti don a huta da yaɓe. Siminti da ƙasa ba sa kama juna sosai. Da zarar ya tsage, ruwa ya shiga bayansa ya rasa hanyar fita, ƙasar ta ci gaba da narkewa a ɓoye, fuska tana ƙyalli, har ran da faifan zai ɓallo gaba ɗaya ya bar rami. Wanda ya nace sai ya yi, to, ya sa kuɗin ragar waya da ƙusoshi a lissafi, ya gyara kan bangon yadda ruwa ba zai shiga ta sama ba, ya kuma sani bai rabu da duba shi kowace shekara ba.

Bayan an gama ƙirga kaya, sai a tafi kasuwa. A tambayi shago uku a mako guda, a tambayi kuɗin kaya har ƙofar gida, ba a bakin shago ba, a rubuta kwanan wata a kan takardar. Me ya sa na dage cewa farashi ya zo a ƙarshe, a kuma ware masa layinsa daban? Domin a ƙasar nan farashin kayan gini ba ya zama wuri ɗaya, kuma wannan ba yau ya fara ba. A 1975, bayan gwamnati ta yi odar siminti tan miliyan 20, jiragen ruwa fiye da 400 suka yi cirko-cirko a bakin tashar Legas wata da watanni, har wani simintin ya daskare a cikinsu. A 1986 aka shigo da tsarin gyaran tattalin arziki, darajar naira ta faɗi, duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya tashi. A zamaninmu kuma, bayan janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 da sakin naira a watan Yuni, buhun simintin da ake saye wajen naira 5,000 ya haura 10,000 a wurare da yawa a watan Fabrairu na 2024, har sai da gwamnati ta zauna da manyan kamfanonin siminti aka yi maganar 7,000 zuwa 8,000. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 bisa ɗari a watan Disamba na 2024. Wanda ya rubuta "filasta, naira dubu kaza", takardarsa ta mutu cikin wata biyu. Wanda ya rubuta "siminti buhu huɗu", tasa tana nan da ranta. Sabon farashi kawai zai sa. Nisan gari daga masana'anta ma yana da tasiri, domin mutumin da ke kusa da Kalambaina a Sakkwato ko Ashaka a Gombe ba kuɗin mota ɗaya yake biya da na Nguru ba.

Wannan ya kawo dabarar mayar da kuɗi kaya tun kafin su narke. Kwano da rodi da bulo da ƙofofi suna jira, ana iya tara su kaɗan-kaɗan. Siminti ba ya jira. Yana jan danshi daga iska, in ya wuce wata uku ƙarfinsa ya soma raguwa, don haka a saye shi dab da aiki, a ɗora a kan katako nesa da bango.

Akwai kuma ƙananan kuɗaɗen da ba mai rubuta su, alhali su ke cinye aljihu. Ruwa na gaba. Kwaɓi yana cin ruwa, sabuwar filasta kuma tana bukatar a riƙa yayyafa mata ruwa har mako guda, in ba haka ba zafin bazara ko iskar hunturu su busar da ita ta tsattsage. A unguwar da famfo ba ya kawowa, wannan kura ce bayan kura daga 'yan garuwa. Sai kwashe ɓaraguzai, da kuɗin dako da saukale, da hayar tsani ko katakon hawa, da abincin ma'aikata in al'adar garin ke nan, da mai gadin kaya, da inda iyali za su zauna in aikin ya kore su. A kan jimlar duka a ƙara kuɗin ko-ta-kwana. A sabon gini kashi 10 bisa ɗari yakan isa. A tsohon gida ni ba na rubuta ƙasa da 15 ko 20, domin ba a san abin da ke bayan filasta ba sai an kankare. Waɗannan kuɗi a ajiye su daban, kuma ba lalle ne magini ya ji labarinsu ba.

Ladan aiki iri biyu ne, ko yini ko jinga. Biyan yini yana sa aiki ya yi tafiyar hawainiya in ba mai tsayawa a kai. Jinga kuwa tana sa a yi gaggawa a rufe aibi. Shawarata ita ce, abin da aka auna aka san iyakarsa, kamar katangar nan mai bulo 252, a ba da shi jinga. Abin da ba a san zurfinsa ba, kamar tono harsashi don a ga me ke ciki, a biya yini har a gani. A tuna kuma da damina 'yan cirani sun koma gona, lebura yakan yi wuya. Ko wanne aka zaɓa, a rubuta a gaban shaida: wane aiki, da wane kwaɓi, wa zai sayi kaya, nawa ne, yaushe za a gama. Wasu suna jin kunyar wannan, musamman in maginin ɗan'uwa ne ko maƙwabci, alhali rashin rubutun ne ke ɓata zumuncin daga baya. Kafin alƙalami kada ya yi yawa, sauran a biya mataki-mataki bayan an ga aiki. A manyan kwangiloli akan riƙe kashi biyar bisa ɗari na wasu watanni don a ga ko aibi zai fito. Babu abin da ya hana maigida ya yi yarjejeniya da kafinta tun farko cewa wani ɗan kaso zai jira ruwan farko. Shi ma ma'aikaci yana da haƙƙi: in aiki ya ƙaru a kan abin da aka rubuta, a ƙara masa, a kuma biya shi a kan lokaci.

In gidan na gado ne, a zauna da magada a nuna musu takardar kafin a sa hannu, a san ko abin da mutum zai kashe kyauta ne ko bashi ne a kan gidan. In na haya ne, a sami yardar mai gida a rubuce. In kuwa aikin ya kai ga cire bango, ko faɗaɗa ƙofa, ko ɗora bene a kan ginin da ba don bene aka yi harsashinsa ba, to, ya wuce lissafin littafi. A nemi injiniya, a nemi izinin hukumar tsara birane. Masu sana'ar ƙiyasi suna da ƙungiyarsu a ƙasar nan tun 1969, kuma abin da za a biya ɗayansu ya duba takarda ƙalilan ne a kan abin da ake shirin kashewa.

Saura tambayar da na san tana ran kowa: in an gama lissafi, jimla ta fi abin da ke hannu, yaya za a yi? Galibi ma haka take faruwa. Amfanin takardar da aka rubuta dalla-dalla shi ne ana iya yanka ta. Rufi da hanyar ruwa su ne na farko, domin su ke kare sauran. Sai bangon da ke barazana ga rai. Sai wayar lantarki da bututun ruwa, waɗanda tilas su riga filasta, in ba so ake a fasa sabon aiki ba. Sa'an nan filasta da daɓe. Fenti da tayil su ne na ƙarshe, suna iya jiran baɗi, ko da kuwa biki ya matso ana so a burge baƙi. A kuma yi aikin ɗaki-ɗaki, a gama ɗaya a shiga, sa'an nan a taɓa na biyu. Ranar da za a hau rufi, a ƙirga kwanon da ke tsakar gida tukuna, kada kafinta ya yaye fiye da abin da zai iya rufewa kafin magariba.

Shugaba, a nan zan dakata. Ga tef ɗin awo na zo da shi, wanda ke so mu gwada lissafin a kan bangon wannan zaure bayan tambayoyi, ina nan.